Ashana a Bakin Janaretan Soja

Matso kusa ka ji aikin da kunnena ya yi ranar auren autata a Kafanchan.

Damina ce, tun safe ake yayyafi, filin coci ya jiƙe sharkaf, wuta kuwa kwana uku babu. Akwai wani saje da muke zumuntar mata da matarsa, shi ya roƙi ogansu aka ara mana janaretan soja. Kore, ƙato, sai da maza shida suka sauke shi kusa da murhuna. Saje ya ce kada kowa ya taɓa, zai koma ya ɗauko kan waya da ya dace da shi.

To, maigidana tsohon malamin makaranta ne, bai iya jira ba. A gida in kan wayar fanka ya lalace, sai ya fere wayar da haƙori, ya cusa a soket, ya danne da tsinken ashana. Duk unguwarmu haka ake yi. Ya buɗe murfin soket ɗin janaretan, ya ga ramuka manya, sai ya cusa wayoyin lasifika, ya sa ashana huɗu-huɗu, ya tayar. Lasifika ta yi magana, aka tafa masa.

Ni ina suyar nama. Ban yi nisa a boko ba, amma na san kukan mai a kasko. Ƙarƙashin rurin injin sai na ji wani "tsss" da ba nawa ba. Na leƙa. Waya ɗaya ta zame, tana tartsatsi a bakin ruwan da ya malala har inda mata suka tuɓe takalma za su rako amarya da rawa.

"Malam, kashe abin nan!"

"Maman yara, koma kan namanki. Shekara talatin ina haɗa wuta."

"Shi ya sa fankarmu uku suka ƙone!"

Na ruga da ludayi a hannu na tare hanya. "Ba wadda za ta taka nan, har ke amarya!"

Ana cikin haka saje ya iso. Sai da ya kashe injin, sannan ya zaro wayoyin, bakinsu ya narke baƙi ƙirin.

"Baba, wannan ba rediyon ɗaki ba ne."

Ya goge soket ɗin ya bushe, ya ɗaura kan waya mai kauri, ya murɗa har ya ce ƙas, ya rataye mahaɗin sama da ƙasa. Ya tambayi wa ya gano. Aka nuna ni.

"Mama, da ma soja kika shiga!"

Naman ya ɗan ƙone, amma autata ta taka rawa ba takalmi, ubanta yana bayanta. Da muka koma gida wuta ba ta dawo ba, shi da kansa ya bi ɗaki-ɗaki yana zare tsinkaye, ina riƙe masa faranti.

Kai fa, ashana nawa ke cikin soket ɗin ɗakinka yanzu?