Goyon Sadiƙa

Sadiƙa 'yar garin Mora ce. Tashin hankali ne ya koro su Garoua ita da uwarta Hadje, suka kafa kaskon suyar kifi a unguwar Roumdé Adjia. Yarinya ce mai surutu da fara'a, masu saye har cewa suke bakinta ya fi kifin daɗi. Tana shekara sha shida ta haifi Nasrullahi, uban kuwa, wani ɗan moto mai haya da babur, ya cika wandonsa da iska. Ranar da wata maƙwabciya ta kira jaririn shege, Sadiƙa ta watsa mata tafasasshen mai a hannu. Aka kai ta sashen yara na gidan kaso, Hadje ta riƙe ɗan.

Da farko nono ne ya dame ta, yana zuba yana jiƙa riga. Da ya ƙafe, sai ta soma jin kukan jariri. Kullum da rana tsaka, lokacin da zafi ya kashe kowane motsi, takan ji shi a bayanta, daf da wuya. Sai ta ɗaura zani, ta tsaya gindin dalbejiya tana jijjiga. Tana jin nauyinsa, har ɗumin numfashinsa. Sauran 'yan matan suka yi ta dariya, daga baya suka daina ratsawa ta bayanta. Wata ma ta rantse ta ga zanin ya motsa.

Madame Lucienne, gandurobar sashen, ta tambaye ta, "Sadiƙa, wa kike goyo?"

"Yi a hankali, Madame, yanzu ya samu barci."

Lucienne ta yi ta kai da kawo har aka yarda Hadje ta zo da yaron. Ya shigo da ƙafarsa, riƙe da gefen mayafin kakarsa. Sadiƙa ta daɗe tana kallonsa.

"Inna, ɗan wa kika ɗauko?"

"Naki ne, 'yar nan."

"Nawa ga shi a baya. Wannan ai haƙora gare shi."

Yaron ya leƙa bayanta, ya fashe da kuka.

Bayan wannan ne aka kawo likita. Magani da yawan zama da ita suka rage kukan, har ta kwance zanin da hannunta, ko da yake ta yi kwanaki tana zaman makoki kamar an yi mata rasuwa.

An sake ta bara, ta koma bakin kasko, sai dai ba ta cika magana ba. Nasrullahi Hadje yake kira Inna, ita kuma Sadiƙa Adda, wato babbar yaya. Har yau ba ta gyara masa ba.