Gidan Rariya

Har gobe ban manta da ranar Talatar da na kusa kashe wani gida da hannuna ba, ina ganin gata nake yi masa. Lokacin ina fomen a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, mataki na bakwai. Ga wanda bai san aikin ba, fomen shi ne tsakanin ofis da magina: a rubuto masa umarni a fayil, shi kuma ya mayar da shi siminti da yashi.

A bakin garin Gaya akwai wani tsohon gidan saukar baƙi da aka gina gab da samun 'yancin kai. Rufinsa kankare ne a shimfiɗe, ba kwano ba, tagoginsa dogaye, baranda ta zagaye shi a kan siraran ginshiƙai. Bangon falon kuwa bulo ne mai huji-huji tun daga ƙasa har sama, shi ya sa muke ce masa Gidan Rariya. An ma fara maganar rushe shi a zuba shaguna.

Sai ga takarda daga Kano, cewa masana tsofaffin gine-gine za su zo ran Laraba su duba shi. In ya yi musu, zai shiga jerin gidajen da doka ta hana taɓawa. In bai yi ba, sai katafila. Shugaban sashenmu ya rubuta a ƙasan takardar: "Fomen, a shirya gidan." Ku abokan aiki kun san abin da shiryawa take nufi a wurinmu. Baƙo zai zo, a liƙe, a shafe, a yi fenti. Ni kuma tun fil azal hujojin nan suna ba ni kunya, gani nake kamar siminti ne ya ƙare wa masu ginin. Na ɗauki magina biyu, na ce yau sai mun rufa wa gidan asiri.

Mai gadin wurin, Baba Iro, mutumin ƙauyen Balan ne, mahaifinsa yana cikin waɗanda suka ɗora bulon. Ya tarar mun riga mun toshe layi uku. Bai ɗaga murya ba.

"Injiniya," in ji shi, don haka yake tsokanata, "me hancin gidan ya yi maka?"

Na ce, "Baba, umarni ne daga sama."

"To, Allah ya taimaki sama. Amma rana ta take, ku shigo ku sha fura tukuna."

Tsakiyar bazara ce, ƙasa har ƙuna take a tafin ƙafa, ga shi rabon gidan da wuta an manta. Muka yi azahar, muka sha fura a falo, na ce bari in ɗan jingina. Wallahi ban farka ba sai da aka kira la'asar. Magina biyu suna gefe suna ta minshari, Baba Iro yana zaune yana jan carbi.

"Injiniya, wa ya yi maka fifita?"

Na kai hannu jikin bangon. Iska ce take shigowa ta kowane huji, a hankali, da sanyinta. Na sauke hannun zuwa inda muka toshe, shiru. Kunya ta kama ni. Shekarata goma sha wani abu ina gini, ban taɓa tambayar kaina dalilin hujin ba.

Na buga wa shugaba waya na yi masa bayani. Ya ce, "Malam Sabi'u, kada ka kunyata mu a gaban baƙi. Ka yi abin da aka ce." A aikin gwamnati, saɓa rubutaccen umarni takardar tuhuma yake jawowa, ta zauna a fayil ɗinka ta tare maka ƙarin girma. Na san haka. Duk da haka na tashi magina, muka bi simintin da bai gama kamawa ba da cokalin gini da tsinke, huji bayan huji, muka ƙwaƙule shi. Fentin ko buɗe shi ba mu yi ba. Shara kawai muka yi.

Ran Laraba shugaba ya sauko daga mota, ya ga gida yadda ya san shi, ya watso mini wani kallo da har yau nake ji a wuyana. Jagorar baƙin wata Hajiya ce mai zanen gine-gine. Ta zagaya, ta auna, ta ɗauki hoto, sannan ta tsuguna a gindin bangon ta shafa.

"Wa ya sa siminti a nan?"

Na ce, "Ni ne, ranki ya daɗe. Ni ne kuma na cire."

Ta ce na taimaki kaina, domin abin da suke nema shi ne ginin da yake nan yadda aka yi shi, kuma wannan bangon shi ne darajar gidan. Da ta tarar da shi a shafe, da ba ta da abin da za ta rubuta. Nan take shugaba ya gyara hula ya ce, "Ai dama na gargaɗe su kada su taɓa komai." Baba Iro ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Ku da kuke tasowa, aikinmu ya saba mana da cewa gwani shi ne wanda ya ƙara wani abu. Ni dai a shekara talatin da biyar da na yi ina aiki, aikin da na fi alfahari da shi wanda na warware ne, kuma ba ya cikin kowane fayil. In kun je gini, ku fara gaida wanda ya daɗe yana share shi, ku tambaye shi kafin ku kwaɓa ko kwano ɗaya.

Daga baya gidan ya shiga jerin. Da aka kawo allon da za a kafa a ƙofarsa, Baba Iro ya riga ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni. Ya ce in karanta masa. Na karanta cewa an hana rushewa ko sauya wani sashe na ginin nan. Ya sa na maimaita. Sannan ya dafa allon ya ce, "Alhamdulillahi. Yanzu ko na tafi, na bar mai gadi."