Fatar Famfon Baba Tsoho

Jiya da la'asar ɗana ya shigo yana matsa kunamar bindigar ruwansa, ba abin da take yi sai "fus, fus". Ƙarar nan ta hana ni sakat. Na san ta tun ina ɗan firamare a ƙauyenmu da ke bayan Ungogo, lokacin da gona ce ke raba gida da gida.

Tawa bindigar koriya ce, 'ya'yan kawuna na Bacirawa suka gaji da ita aka miƙo mini. Duk Sallah kuma sai sun zo da sababbi, su jiƙa ni sharkaf, suna kirana ɗan ƙauye. Wata shekara ƙaramar Sallah ta faɗo tsakiyar bazara, na ci alwashin bana sai na rama. Ranar jajibere kuwa bindiga ta ƙi fitar da ko ɗigo. Na cika ta a randa, na girgiza, na hura, na buga ta da ƙasa. Inna ta ce in na ƙarar mata da ruwan da ta jawo a rijiya, jikina zai gaya mini. Sai na nufi zaure wajen kakana, wanda muke kira Baba Tsoho.

Ka san tsohon nan da kekensa ba a raba su. Gwiwarsa ta dama ta daɗe tana damunsa, keken ne ƙafarsa. Tayar baya kuma tana sace iska a hankali, kullum da safe sai ya ɗauko famfo ya ba ta iska kafin ya hau.

Ya buɗe bindigar da tsinin wuƙa, ya zaro wata 'yar roba da ta cinye ta gefe. Ya ce, "Ga mai laifin. Iska ce ke bi ta nan." Ya yanko tsohon tub ya gwada, ya naɗe. Ya yanko silifas, ya yi kauri. Ni kuwa na kasa tsaye na kasa zaune, in leƙa ta kafaɗarsa, in fita, in dawo.

"Kai, ka ishe ni da safa da marwa kamar kaza za ta yi ƙwai. Je ka ce da uwarka ta zubo mini man gyaɗa a murfin gwangwani."

Da na dawo na tarar da wata baƙar fata mai laushi a hannunsa, mai ɗan zurfi kamar ƙoƙo, yana rage bakinta da aska. Ban tambayi inda ta fito ba, ina ruwana. Ya jefa ta cikin man.

"A sa yanzu?"

"Bar ta ta sha mai. Sai da safe."

Wallahi ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Ana shan ruwa ina leƙen murfi, ana ta murnar ganin wata ina leƙen murfi. Bayan sallar asuba ya tsamo ta, ta kumbura tana ƙyalli, ya cusa ya rufe. Matsawar farko ruwa ya tsallake tsakar gida ya daki bangon rumbu. Na yi tsalle har ina taka kaji.

Filin idinmu yana can ƙauyen gaba, kuma a bayan kekensa nake zuwa duk shekara. Ran nan sai na ga keke jingine a zaure, tayar baya a kwance, shi kuma ya ɗauki sanda. Ya ce, "Yau da ƙafa za mu, ya fi lada." Muka ratsa gonakin da aka share ana jiran ruwan shuka, ƙasa ta fara zafi, yana ɗingishi, duk inuwar da muka samu sai ya tsaya ya dafa gwiwa. Ni ina gaba ina ta azalzalarsa. Da ƙyar muka samu sahun ƙarshe.

Da muka dawo na ce bari in taimaka masa da tayar. Na ɗauki famfon na danna, hannuna ya tafi salalaf ba nauyi. "Fus, fus." Na sake dannawa. Sai na gane fatar famfon ce a cikin bindigata, na juya ina kallon Baba Tsoho. Yana zaune yana murza gwiwa, ko ɗago kai bai yi ba.

"Ajiye. Baƙinka sun iso, je ka jiƙa su."

Na jiƙa su kuwa, har ƙaramin ya kai ƙara wajen Inna. Shi kuma da sanda ya yi ta zuwa masallaci har ranar kasuwa, da ya samu wata fatar.

Yanzu gonakin nan duk sun zama fuloti, a daidaita sahu ke bin hanyar idin. Wa ke gyaran bindigar ruwa? Maiɗakina ta ce in jefar a sayo wata, ga su nan birjik a bakin titi. Na kasa. Ta yanzu ma a manne take, da ƙyar na ɓare ta da wuƙa. Na yanki tsohon bel ɗina na kankare, na jefa a murfin kwalba da man gyaɗa. Ɗana yana ta shiga da fita, ya leƙa murfi, ya leƙa fuskata.

"Abba, a sa yanzu?"

Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ji muryar Baba Tsoho ce ke fitowa. Sai da na kau da kai tukuna na iya ƙarasawa.