Almakashin Inna da Kwat ɗin Manaja

Na fara jin sunan Mai Almakashi a bakin mahaifiyata, ranar da ta kama ni ina yanka kwali da almakashinta na ɗinki. "Da Mai Almakashi ce ta gan ki," in ji ta, "da yau kunnenki ɗaya ya tafi." Na ɗauka wata dodanniya ce. Ashe ƙanwar kakata ce, mai yankan yadi a wani kamfanin ɗinki. A ɗakinta na zauna bayan na gama sakandare, da aka rasa halin tura ni gaba. Inna nake ce mata.

Shekara ashirin da uku ta yi a teburin yanka. Almakashin nata ne, gadon mahaifinta, baƙin ƙarfe mai nauyi, an naɗe mariƙinsa da jan tsumma. Ba ta ba da aronsa ko ga uwarta.

Da tattalin arziki ya karye, ciniki ya tsaya, aka fara sallamar ma'aikata. Inna ba ta riƙe sallamar a rai ba, ta ce kowa ya ga yadda gari yake. Abin da ya tsaya mata shi ne na bakin ƙofa. Manaja ya sa aka zazzage jakarta a ƙasa gaban mata arba'in: carbi, maganin hawan jini, guntun burodi a leda. Ya sa ƙafa ya ture almakashin gefe.

"Wannan kayan kamfani ne."

"Yallaɓai, tun ba a haife ka ba yake hannuna."

"To, kawo rasit."

Ta tsince tarkacenta ta fito, almakashin ya zauna a hannun kamfani.

Sai ta kafa kekenta a bakin lungunmu. Lokacin ba mai ɗinka sabo, kowa ramewa yake, aikin ya koma matse ƙugu, juya kwalar riga, mayar da wandon uba na ɗa. Da almakashin kasuwa take fama, yana tauna yadi tana tsaki. Dokarta ɗaya ce: ba ta karɓar tufa sai mai ita ya zazzage aljihu a gabanta, don kada gobe a ce abu ya ɓata.

Bayan wata takwas kamfanin ya rufe. Wata Litinin da hantsi sai ga Manaja, kwat na reto a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa. Ranar Alhamis zai je ganawar neman aiki, kuma ya sani sarai duk yankin ba mai iya rage kafaɗar kwat sai Inna. A kan benci akwai mata uku cikin waɗanda ya sallama.

"Inna, barka da aiki."

"A'a, yau kuma ni ce Inna? Ranka ya daɗe, a zazzage aljihu."

"A nan?"

"Doka ce. Ai kai ma mai doka ne."

Ya fito da su ɗaya-ɗaya: takardar neman aiki, 'yan kunnen matarsa ƙulle a hankici, da katin ƙwayoyi. Inna ta ɗaga katin yadda kowa zai gani.

"Ashe irin nawa kake sha. Allah ya ƙara sauƙi."

Matan benci suka amsa da amin mai ƙarfi.

Ta auna shi, ta karɓi kwat, ta farke ta a gabansa: hannu daban, kwala daban, shafi daban. Ta tara a leda ta ɗaure.

"Farkewa kowane almakashi yana yi, Yallaɓai. Yanka kuwa sai da nawa."

"Haba Inna! An yi gwanjon kayan kamfani tun watan jiya!"

"To, bi rasit."

Ba shi da wata kwat. Kwana biyu yana yawo daga dillali zuwa dillali, har ya samo almakashin wajen wani mai gyaran kujeru. Laraba da la'asar ya dawo, ƙafa duk ƙura, almakashi naɗe a jarida. Da me ya fanso shi, ban tambaya ba, amma na tuna hankicin nan. Inna ta shafa bakin ƙarfen, ta ji inda ya dakushe.

Ta wasa shi, ta yanka, ta ɗinka. Wallahi kwat ta zauna masa kamar da ita aka haife shi. Ya miƙo kuɗi ta ƙi karɓa, ta ce ba ta so ya tafi yana ganin sun rabu lafiya. Ko ya samu aikin, ba mu ji ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Bara ta rasu. Almakashin yana akwatina, tare da littafin da nake rubuta labaran danginmu. Wata rana kafin rasuwarta ta gan ni da littafin, ta dakatar da keke.

"Ƙawata, in kin zo kaina, ki rubuta kwat ta yi kyau. Amma don Allah kada ki rubuta na yafe masa."