Mama Lois, telar da ta ƙi barin wurin girma

Kafin rana ta yi zafi, Mama Lois ta riga ta fito da keken ɗinkinta gindin darbejiya a ƙofar gidanta da ke unguwar Manawashi. Haka take tun shekarar samun 'yancin kai, sai bana da idanu suka gaza ta haƙura.

Kowa ya san yadda ake yi wa yaro ɗinki a garin nan: a saki riga, a ninke ƙasanta, a ce zai girma ya cika ta. Ita kuwa ta tashi da ƙane wada, wanda ya yi ta jan riga a ƙasa har gemu ya fito masa, ana jiran tsawon da bai zo ba. Shi ya sa in an kawo mata yaro irinsa takan auna shi yadda yake, ta zaunar da uwar ta gaya mata: ba mayu ba ne, ba laifin nono ba ne, jiƙo kuma ba zai ƙara masa komai ba. Iyaye da yawa sun ji, 'ya'yansu suka shiga mutane.

Da aka buɗe firamare kyauta, wata mata, Hadijatu, ta zo daga unguwar Jekadafari da yadin kayan makarantar 'yarta Suwaibatu, wadda ita ma wada ce.

"Mama, a bar mata wurin girma."

"Hadijatu, tsawon nan ba mai zuwa ba ne. Bari in ɗinka daidai ita, ta tafi makaranta kamar kowa."

"Mugun baki za ki yi wa 'yata?"

Ta fizge yadinta ta fita. Mama Lois ta yi ta sintiri zuwa gidan Hadijatu, ba a saurare ta ba. Aka ajiye Suwaibatu a ɗaki wai sai ta yi tsawo tukuna, har sa'o'inta suka gama firamare. Yau ko sunanta ba ta iya rubutawa. Abin yana cin ran tsohuwar, takan ce, "Da na bi uwar a hankali."

Mama Lois, ke ce kika faɗi abin da dangi da maƙwabta suka sani suka yi shiru, aka saka miki da sunan mai mugun baki. Mun gode, Mama Lois, ko da godiyar ta makara. Masu irin wannan yaro a gida kuwa, ku auna shi yadda Allah ya yi shi, ku kai shi makaranta bana, kada ku ce sai baɗi.