Sel a Cikin Albasa

Wahala dai na sha ta a Inugu, ba sai na yi mata ado ba. Da muka dawo unguwar Ogui bayan yaƙin basasa na tarar rumfata ta zama ta wani, na koma bakin titi da buhunan albasa. Ana ta cewa kuɗin mai sun shigo ƙasa, ni dai hayaƙin motoci kawai nake shaƙa.

A wannan halin na ce wa babbar 'yata ta gama zangon nan ta bar makaranta, ta zo ta riƙa kama mini a wurin kaya. Ban ga abin da take koyo ba sai Ibo da musu. Kwana biyu sai ga ta da takarda daga malamarsu. Ta ce bari ta karanta mini, na ce ban yarda ba, mai laifi ba ya karanta takardar da aka rubuto a kansa. Na kai wa maƙwabcina mai tsire, wanda ya taɓa gadi a gidan Bature a Fatakwal, yake ganin ya gama Turanci.

Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Malam, me ka sa a albasarka?"

"Me zan sa? Gishiri?"

"To an ce ka zo gobe da albasa ɗaya, za a nuna maka sel."

Sel ɗaya na sani a duniya, na ofishin 'yan sanda. Yarinyar ta buɗe baki na daka mata tsawa, na ce ita ta ja mini. Mai tsire ya ba ni shawara in sa wando biyu, saboda simintin sel akwai sanyi. Na sa.

Da hantsi na isa makarantar, gumi na bin ƙafata. Babu ɗan sanda ko ɗaya. Malamar 'yar Ibo ce, ta gaishe ni da Hausar Kano tas, ashe a Sabon Gari aka haife ta. Ta karɓi albasar ta miƙa wa 'yata, ta ce, "Nuna wa Baba."

Yarinyar ta yanka, ta zaro fatar nan ta ciki mai kamar leda, wadda shekara ashirin nake yarfewa daga yatsana. Ta shimfiɗa a gilashi, ta ɗiga aidin ɗin nan na sa wa ciwo, ta tura ƙarƙashin wani madubi mai dogon wuya. Na kanne ido ɗaya na leƙa. Ɗakuna na gani, jere, bango manne da bango, kamar gidan haya a unguwar Obiagu.

"Su ne sel, Baba. Duk abu mai rai da su aka gina shi, har kai."

Na ce ta kiyayi bakinta. Ta ci gaba abinta. Wai katangar ce ke riƙe ɗakin, shi ya sa albasa take da ƙwari. Jikin katangar daga ciki akwai wata siririyar fata, ita ce mai gadi, ita ke zaɓen mai shiga da mai fita. Ɗigon da ya yi duhu shi ne maigida, daga wurinsa umarni ke fita. Filin tsakiya randar ruwa ce. Akwai kuma ƙananan murhu da ke ƙona abinci su ba da ƙarfi, amma wannan madubin bai isa ya nuna su ba.

Na ce, "To in randar ta ƙafe fa?"

"Ɗakin ya saki. Albasar da kake bari a rana tana laushi, ai shi ne."

Malamar ta juya baya tana tari, na san dariya ce. Ta ce, "Baba, duk ajin nan babu mai zaro fatar nan ba ta yage ba sai ita. Ka bar mini ita."

Na nemi ragowar albasata na sa a aljihu na fita. Mai tsire da ya gan ni ya ce, "Har an ba da belinka?" Na wuce abina.

Washegari bayan asuba na tashe ta da kaina, na goya ta a keke har ƙofar makaranta, sannan na wuce na ja buhunana zuwa inuwa.