Bindigar da ke cikin rumbun Baba

Bayan sadakar arba'in ta Baba muka taru a ƙauyenmu, kusa da Hawandawaki, don rabon gado. Abin ba shi da yawa: gonaki biyu, shanun noma, tumaki da rumbuna. Yayana ne ya shiga tsohon rumbun da Baba ba ya yarda kowa ya leƙa, ya fito da wani dogon abu naɗe cikin buzu, ɗaure da igiyar kaba. Da aka kwance sai ga bindiga mai baki biyu. Tsatsa ta rufe ta har ta yi ja, gara kuma ta cinye rabin ƙotar.

Tun muna yara muke jin labarinta, amma ba wanda ya taɓa ganin ta a cikinmu. An ce wani Nasara ne ya ba kakanmu ita, don ya kashe kurar da ta addabi zangonsa. Na sha yin alfahari da wannan labari a lakkwal, wato makarantar boko. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda ɗan irin wannan jarumi, wato Baba, ko kaza ba ya iya yankawa. Kowace Babbar Salla maƙwabci ne ke yanka mana rago, Baba kuwa ya tafi bayan gari sai an gama fiɗa ya dawo. Yaran unguwa suna yi mana dariya, ni kuma ina jin haushinsa a raina.

Ba wanda ya so bindigar, sai ta faɗo a rabona. Yayana ya ce, "Kai ne mai karatun boko, kai ka san abin da za a yi da ita." Gwaggo, yayar Baba, tana zaune a bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Ta dubi bindigar sau ɗaya, ta kwashe kwandonta ta shige.

A lokacin ina koyarwa a Tasawa. Da yake zamani ne da ba a wasa da makami, na fara kai ta wurin hukuma, suka duba, suka ba ni takarda. Daga nan aka kwatanta mini wani tsohon maƙeri a Gidan Amumune, wanda ya yi shekaru yana gyara wa maharba bindigogi. Ranar kasuwa na ɗaure ta a bayan babur na tafi.

Na iske shi a rumfarsa, ido ɗaya ya yi fari. Ya ɗora bindigar a cinya yana shafa ta da yatsu kamar mai duba dabba. Ya kira ni yadda ake kiran malaman lakkwal, ya ce, "Mushe, wannan ta girme ka, ni ma ta girme ni. Ka ga kunamun nan biyu a sama kamar kunnuwan zomo? An daɗe da daina ƙera irin su." Ya gwada karya ta don ya ga cikinta, ta ƙi. Ya ce in bar ta ta yi kwana goma cikin gazuwal, wato man dizal.

Da na koma, ya riga ya goge bakin da toka da lemun tsami. Ya nuna mini wani ɗan rubutu da ya fito a tsakanin bakunan biyu, ya ce in karanta masa. Sunan wani gari ne na Faransa, da lamba goma sha shida. Na ba shi labarin Nasara da kura ina jin daɗi. Ya girgiza kai.

"Allah shi ne masani. Amma irin wannan a kanti ake sayar da ita zamanin cinikin gyaɗa. Na gyara 'yan uwanta da dama. Ta manyan Nasara zane gare ta, wannan ta manomi ce da damina ta yi wa kyau."

Raina ya ɗan sosu. Maƙerin ya juya bakin bindigar wajen bango, ya ɗan bubbuga ta da guntun itace, ya danna, sai ta buɗe da wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Harsashi biyu ne a ciki, irin na takarda mai gindin tagulla. Ya zaro su da awartaki a hankali. Na dama wofi ne, an harba shi. Na hagu yana nan da cikinsa. Ya jefa mai cikin a kaskon ruwan da yake kashe ƙarfe.

Can ya ce, "Maharbi ba ya ajiye bindiga haka. Ko gajiya ta kashe shi sai ya zare harsashi ya goge ta. Wanda ya riƙe wannan, harbi ɗaya ya yi ya yar da ita, ba a sake buɗe ta ba. Akwai sauran tsoho a gidanku?"

Ranar Asabar na tafi ƙauye. Na sami Gwaggo da hantsi ita kaɗai a tsakar gida. Bayan mun gaisa na ajiye kwankon harsashin a kan tabarmarta. Ta daɗe tana kallon sa.

"Ɗan nan, mi ya kai ka tonon abin da aka rufe?"

Na ce, "Gwaggo, a hannuna aka sa ta."

Sai ta faɗa mini. Su uku ne wurin kakanmu, ba biyu ba kamar yadda na sani. Akwai ƙaninsu, wanda Baba ya girme da shekara biyu, kuma ba a raba su ko wurin cin tuwo. Bindigar kuwa da kuɗin gyaɗa kakanmu ya saye ta. Wata kaka birai suka dami gonar dawa, Baba yana saurayi ya ɗauki bindigar ba da sanin kakanmu ba, ya tafi gadi. Ƙanin ya biyo shi da fura ta cikin dawa, yana sanɗa don ya ba shi tsoro. Baba ya ga kara na motsi, ya harba.

Gwaggo ta ce, "Shi ya goyo shi har gida. Kafin su iso rai ya yi halinsa. Tsohonmu ya naɗe bindigar yadda take, ya hana a sake ambaton sunan yaron. Labarin kura kuwa mutanen gari suka ƙaga daga baya, muka ƙyale su. Ubanka ya yi azumin wata biyu, ya sake yi, ya sake yi, har malamai suka ce masa ya isa. Bai taɓa yarda ya isa ba."

Na tuna wata Salla da nake samari, na ce wa Baba a gaban mutane, wane irin namiji ne ke tsoron jinin rago. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Takalmansa kawai ya sa ya fita. Na yi shekara talatin ban tuna da wannan magana ba, sai ranar nan a kan tabarmar Gwaggo, ga shi wanda zan roƙa gafara yana ƙasa.

Na koma wurin maƙerin na ce ya bar aikin. Ya ce ai ya riga ya sa an sassaƙa sabuwar ƙota da itacen ƙirya, kuma shi ba ya barin aiki a rabi. Ya gama ta, ya shafe ta da mai, ta yi baƙi tana sheƙi. Na roƙe shi ya cire ƙusoshin da ke dukan harsashi, ya cire, ya jefa su cikin tarin ƙarafansa. Tana nan cikin akwati a gidana. 'Ya'yana sun tambaye ni labarinta, har yau ban ba su ko ɗaya daga cikin labaran biyu ba.

Da rani na roƙi Gwaggo ta nuna mini kabarin ƙanin nasu. Na sa aka ɗaura amalanke muka tafi tsohuwar maƙabarta a gabas da gari. Wurin ya zama gona tun tuni. Ta ce a gindin wani babban gawo aka sa shi, amma an sare gawon, ko kututture babu. Ta yi ta yawo da sandarta cikin kunyoyi, ta tsaya nan, ta ce a'a, ta matsa can. Rana ta yi zafi, numfashinta ya fara sama-sama. Daga ƙarshe ta zauna a kan rairayi ta ce, "Ban gane ba, ɗana. Mu yi daga nan, Allah ya san inda yake."

Muka ɗaga hannu muka yi musu addu'a su biyu, shi da Baba. A nan ne ta faɗi sunansa, a hankali, sau ɗaya. Ta rasu kafin ruwan farko na wannan shekarar ya sauka.